Kilomita Uku a Taswira

Dalili ɗaya ne ya kawo su birnin: makarantar kurame. A garinsu babu ita, ga shi 'yarsu ta cika shekara bakwai ba ta taɓa zama a ajin da ake gane ta ba. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tana da shekara biyu. Tun daga nan abin da ke tsakaninta da iyayenta 'yan alamu ne da suka ƙirƙira a tsakar gida: yatsa a leɓe, yunwa; tafin hannu a kunci, barci; yatsu biyu suna tafiya a kan tabarma, za mu fita.

Sai da suka jira wata goma sha huɗu kafin makarantar ta ba ta gurbi. A takardar an ba su zaɓi, ko kwana ko jeka-ka-dawo. Uwar ta karanta, ta ninke takardar gida huɗu, ta ce yarinyar da ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo ba za ta kwana a inda uwarta ba ta nan ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma maimaita ba. Uban ya ce to. Cikin wata biyu ya ajiye aikinsa a ofishin safiyo, inda ya shekara goma sha tara yana zana taswira, ya sami wani kamfani a birnin da ke neman mai sake zana tsofaffin taswirorin filaye da hannu, aikin da za a riƙa ba shi ya yi a gida. Saura wurin zama.

Yayan matar ne ya tare su a tasha ranar da suka zo neman gida. Direban tasi ne, shekararsa ashirin a birnin, kuma tun da aka yi auren yake kiran mijin ƙanwarsa Injiniya, don ya san ba injiniya ba ne, ya kuma san abin yana ɗan sosa masa rai. Mai zanen ya zaro taswirar birnin daga cikin dogon kwali, ya shimfiɗa ta a kan but ɗin motar, ya danne gefunan da wayarsa da makullin Yaya. Tun a gida ya ɗiga jan alƙalami a kan makarantar, ya zana da'ira a kewayenta. Duk gidan da ya faɗo cikin da'irar nan, in ji shi, ya yi. Kilomita uku ne daga tsakiya zuwa baki, ko da ƙafa minti arba'in ne.

A garinsu haka abin yake. Gari ne shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu kwari, duk inda ka hango ka isa ke nan.

"Injiniya," in ji Yaya, "a garin nan ba a auna hanya da rula. Da agogo ake aunawa."

Mai zanen ya yi murmushi irin na wanda direba ke koya wa aikinsa, ya naɗe taswirarsa.

Gida biyu dillali ya nuna musu a ranar. Na farko ciki da falo ne a saman bene, a layin da ke fuskantar makarantar. A ƙasa shagon masu walda ne. Ana yanka ƙarfe, ana bugawa, har gilashin taga yana rawa. Banɗakin ƙarami, kicin ɗin kuma mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Hayarsa ta kai iyakar ƙarfinsu, ba rara. Matar ta je ta tsaya a taga. Daga nan ana ganin ƙofar makarantar, koriya, da rumfar maigadi. Ta ce wa Yaya ko wanke-wanke take yi za ta ga shigar yarinyar. Da ta juyo ta gaya wa mijinta, ba ya ɗakin. Yana kan matakala, daidai inda ta lanƙwasa, ya buɗe tef ɗin awonsa yana gwada tsakanin bango da bango.

Ta san abin da yake aunawa. Teburin zanensa ne, wanda aka bar masa lokacin da ofishin ya koma aiki da kwamfuta: katako mai nauyi, tsawonsa mita biyu, faɗinsa ya haura ɗaya. Mutum huɗu ke ɗaga shi. Matakalar ta gaza da taƙi ɗaya. Ya rubuta lambar a tafin hannunsa.

Gida na biyu yana tsallaken kogi, a wata sabuwar unguwa da rabin gidajenta ba a gama su ba. Ranar Lahadi ce, titi fayau. Cikin minti talatin da biyar Yaya ya kai su. Ɗaki uku, falo, tsakar gida da famfo, da ƙofa mai faɗi wadda tebur zai shige ba sai an karkata shi ba. Hayarsa ba ta kai kashi biyu cikin uku na wancan ba. Sharaɗi ɗaya ne: mai gidan kuɗin shekara biyu yake karɓa a dunƙule.

Rufin siminti ne, ana hawa a yi shanya. Dillalin ya hau da su, ya nuna da yatsa. Can tsallake, bayan doguwar katangar wurin ajiye taragun jirgin ƙasa, ana hango wani shuɗin tankin ruwa a kan ƙafafu huɗu. Na makarantar ne. A tsakiyar kogin kuwa ginshiƙai huɗu ne na siminti a tsaye, rodi ya fito a kawunansu.

Matar ta tambaya ko akwai gada.

"Ga ta nan," in ji mijin. Ya buɗe taswira ya ɗora yatsa. Akwai ta kuwa, layi biyu na ɗigo-ɗigo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Gidan yana cikin da'ira, har da rara.

Dillalin ya rantse wata uku ya rage a buɗe ta, ya ce ranar da aka buɗe ko ninki biyu aka ba shi ba zai samo musu gida a unguwar ba. Yaya ya ce shi dai tun 'yarsa ta biyu tana goye yake ganin ginshiƙan nan, yanzu kuwa ita ke goyon ƙannenta. Dillalin ya ce ai direbobin tasi ba sa son gada, ita ke rage musu kuɗin mota. Aka yi dariya.

A hanyar komawa mai zanen ya jera dalilansa. Arha. Fili. Yarinya za ta sami ɗakinta. Wancan gidan kuwa hayaniya kaɗai ta isa ta kori mutum.

"Hayaniyar wa za ta dama?" in ji matar. "Ita dai ba ji take ba."

"Ke fa?"

Bai ce shi fa ba, bai kuma ambaci tebur ba. Ita ma ba ta ambata ba. Mutum ne da ya ajiye aikin shekara goma sha tara a kan magana ɗaya da ta yi, sai ta ga bai kamata ta hana shi zaɓen ƙofar da zai riƙa shiga ba. Yaya ya dube ta ta madubi, ta kawar da kai. Washegari suka biya. Abin da suka tara da kuɗin sallamarsa duk suka shige ciki.

Ranar Litinin ta farko suka fita shida da rabi, su uku, yarinyar cikin sabon yunifom da ya ɗan yi mata yawa. Ƙaramar bas ta kai su bakin babban titi. Daga nan babbar bas ta bi gefen kogin ta gangara kilomita goma sha ɗaya zuwa tsohuwar gada, wadda ita kaɗai ce mashigar duk unguwannin tsallake. A bakinta layi shida na motoci ke matsewa su koma biyu. Bayan an haye, bas ta uku ta sake hawowa da su ta ɗaya gefen. Takwas saura kwata ake rufe ƙofar makaranta. Tara da minti goma suka isa. Maigadi ya buɗe musu ƙaramar ƙofa, ya rubuta sunan yarinyar a littafin makara, ya ce ranar farko ce, ba komai.

Suka koma fita shida. Suka koma biyar da rabi. Sai suka tarar duk wanda ke tsallaken ya riga su wannan dabarar. Ran da aka yi sa'a, bakwai da rabi suna bakin ƙofa. Ran da tirela ta mutu a kan gada, sai yadda hali ya yi.

Uwar ta ga komawa gida da sake dawowa ba zai yiwu ba, sai ta riƙa wuni a can. Wata mai sayar da littattafai da alƙaluma a gefen makarantar ta ba ta benci, daga baya har ta riƙa bar mata shagon in za ta fita. Daga bencin ana ganin tagar benen masu walda. Kwana tara bayan sun ƙi shi wata mata ta kama, ita ma 'yarta a makarantar take. Takwas saura minti ashirin take saukowa da yarinyar, wani lokacin da kofin shayi a hannu, ta tsallakar da ita, ta koma kafin shayin ya huce.

Makarantar tana da ajin iyaye, Talata da Alhamis da ƙarfe huɗu, inda ake koya musu maganar hannu don kada 'ya'yansu su wuce su bar su. Sau biyu uwar ta zauna. Duka biyun sai bayan takwas suka isa gida, yarinyar tana barci a kafaɗarta ba ta ci komai ba. Ta daina. Uban bai taɓa zuwa ba. Ya ce in an buɗe gada zai fara.

Teburin ya sami ɗaki nasa shi kaɗai, mai taga biyu, haske yana shigowa ta hagu yadda ake so. Unguwar shiru, sai ƙarar masu gini daga nesa. Aiki ya yi kyau. Kamfanin ya yaba da hannunsa, ya ƙara masa. Daga wata na biyu suka raba kwanakin kai yarinyar, shi Laraba da Juma'a, ita sauran.

Wata Laraba suna kan tsohuwar gada, bas ɗin ta yi minti arba'in ba ta motsa ba. A tsaye suke, ya riƙe ƙarfen sama da hannu ɗaya, ɗayan yana kafaɗarta. Wani fasinja ya ga yunifom ɗin, ya tashi ya ba ta wuri. Ta zauna, ta ciro littafi da fensir, ta buɗe shafin ƙarshe. Ta zana ƙaramin gida. Ta zana tanki a kan ƙafafu huɗu. Ta ja gajeren layi tsakaninsu, ba rula amma bai karkace ba. Sannan ta sake ɗora fensirin a kan gidan ta ja wani layin, ya gangara har ƙasan shafi, ya lanƙwasa, ya hawo. Ta ɗaga masa littafin, ta buɗe tafin hannu, ta karkata kai. Alamar tambaya ce da ta koyo a makaranta.

Tun tana rarrafe take zama a ƙarƙashin teburinsa, ta san taswira. Ta kuma sha hawa rufi da uwarta, ta ga tankin. Lissafinta daidai ne.

Ya karɓi fensirin. Ya so ya ce mata akwai gada, ba a gama ba ne, za a gama. Alamun da ya sani su ne yunwa, barci, fita, zo, bari. Sai ya ɗiga ɗigo-ɗigo a kan gajeren layin nata. Ta dubi shafin, ta dube shi.

"Wata rana, Mamana," ya ce da baki, duk da ya san ba ta ji. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa a gidan Mama ake ce mata.

Ta mayar da littafin jaka. Kafin a sauka daga gadar ta yi barci.

Da damina ta sauka abin ya ƙaru. Hanyar unguwar ta zama taɓo, ƙananan bas suka daina shigowa ciki, aka ƙara tafiyar minti goma sha biyar da ƙafa. Yaya ya yi mako guda yana zuwa ɗaukarsu daga nasa ƙarshen birnin, ya ce ko don kada a ce yana da mota 'yar ƙanwarsa tana makara. Tasin ta tsaya a layin da bas ke tsayawa. A kwana na biyar ya ce, "Injiniya, motata ba ta da fiffike," bai kuma bi maganar da dariya ba.

Ana saura mako uku a yi hutu shugabar makarantar ta kira su. Mace ce mai furfura da tabarau, wadda ko da wa take magana da baki da hannu take yi a lokaci guda. Littafin maigadi yana buɗe a gabanta. Kwana hamsin da takwas aka yi karatu, yarinyar ta makara a ashirin da uku. Darasin farko na safe shi ne na maganar hannu, kuma a kansa sauran suke tsaye. Ran da ta zo da wuri ma, kafin sha ɗaya kanta yana kan benci. Ta ce yarinyar tana da kai, ta fi rabin ajin saurin ɗauka, shi ya sa ta kira su maimakon ta aika takarda. Akwai yara arba'in da ke jiran gurbi. Ba korarta take ba. Abu biyu ne: su dawo kusa kafin sabon zango, ko yarinyar ta koma ɗakin kwana, inda gado ɗaya zai samu.

Mai zanen ya fara maganar gada. Shugabar ta bari ya kai aya, ta ce shekara bakwai ke nan iyaye suna gaya mata wannan maganar daga kan kujerar da yake zaune.

Uwar ta ce za su dawo kusa.

Hutun duka a neman gida ya tafi. Mai gidansu ya saurare su da mutunci, ya ce kuɗin ya riga ya zama bulo a wani ginin da yake yi. In sun sami wanda zai karɓi ragowar watannin, shi ba shi da ja. Dillalin ya kawo mutum uku. Dukkansu suka hau rufi, suka dubi ginshiƙan, suka tambaya awa nawa ne zuwa cikin gari ranar aiki. Babu wanda ya dawo. A kewayen makarantar kuwa ɗaki ɗaya ma sai da kuɗin shekara a hannu, hannun kuma babu komai. Gidan Yaya ɗaki biyu ne da yara shida, shi ma bas biyu ne daga makarantar.

Wata Lahadi da yamma uwar ta hau rufi kwashe shanya, ta kira shi ya taya ta. Da ya hau sai ya tarar da taswirar a shimfiɗe a ƙasa, an danne gefunanta da guntayen bulo. Yarinyar tana tsakar gida tana wasa da ruwa a bakin famfo.

Matar ta durƙusa ta ɗora yatsa a kan gadar. Ta ce tun ranar farko take so ta tambaye shi, me ya sa duk sauran hanyoyin layi ne a haɗe, wannan kuma ɗigo-ɗigo.

Ya ce haka ake zana abin da aka tsara, ba a riga an gina ba.

"A ofishinku, irin wannan nawa ka zana da hannunka?"

"Da yawa."

"Kamar nawa?"

"Sittin. Ko saba'in."

"Nawa aka gina?"

Ba mutum ba ne mai ƙarya a kan lamba. Ya tsaya ya tuna. Titin bayan asibiti, da kwalbatin hanyar kasuwa.

"Biyu."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauke guntayen bulon ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe taswirar yadda ta saba ganin yana yi, ta miƙa masa.

"Da ka ce mini tebur ne, Baban Mama, da na ce a'a, mu yi faɗanmu mu gama a ranar. Sai ka ce mini hayaniya."

Ya ce shi ma a lokacin ya yarda da gadar. Ta ce ta sani. Ta ce ba shi kaɗai take jin haushi ba, don ita ma ta ga tef ɗin a hannunsa ta yi shiru. Ta ɗauki kwandon kaya ta sauka.

Da kanta ta je ta cike takardar ɗakin kwana.

A jerin kayan da makarantar ta bayar akwai akwatin katako mai kwaɗo, an faɗi tsawo da faɗi. Kafinta ɗaya ne a unguwar, dattijo mai yawan magana. Ranar da ya kawo akwatin ya hango teburin ta ƙofa, ya nemi izini ya shiga ya gani. Ya shafa katakon, ya ƙwanƙwasa, ya ce yanzu ba a samun irinsa, sai kwali da fenti. Ya durƙusa ya leƙa ƙasansa. Ya tambaya yaya aka yi aka kawo shi daga garinsu. Mai zanen ya ce haka aka ɗora shi a mota, mutum huɗu.

Kafintan ya yi dariya, ya ce an sha wahalar banza. Falle biyu ne aka haɗa, noti shida ke riƙe da su ta ƙasa, ƙafafun kuma kowace da nata. Masu yinsa don ofisoshin saman bene suka yi shi. A ba shi minti goma da sifana zai raba shi gida-gida, mutum ɗaya ma ya hau da shi kowace irin matakala.

Shekara goma sha tara mai zanen yana zama a gaban teburin, bai taɓa leƙa ƙasansa ba. 'Yarsa ce ke zama a can.

Matar tana tsaye a bakin ƙofa da zanen gado a hannu. Ta tambayi kafintan ko a kawo masa ruwa.

Ranar Lahadi suka kai ta, Yaya ya ja motar. Minti talatin da biyar. Ɗakin kwanan gado goma sha shida ne, nata na ƙasa kusa da taga. Uwar ta shimfiɗa zanen, ta gyara, ta sake gyarawa. Ta ja mai kula da ɗakin gefe ta nuna mata alamun gida ɗaya bayan ɗaya: in ta kama kunnen hagu, kai ke ciwo, in ta dunƙule hannu a ciki, tsoro take ji, ba yunwa ba. Mai kula da ɗakin ta saurara har ƙarshe, ta ce kada ta damu, nan da wata biyu yarinyar za ta faɗi komai da kanta.

Yarinyar ba ta gane ba sai da ta ga an tura akwatin ƙarƙashin gado an rataya mata makullin a wuya. Ta yi yatsu biyu suna tafiya a kan katifa, ta nuna su uku. Uwar ta girgiza kai. Ta nuna ta, ta sa tafin hannu a kunci, ta nuna gadon. Yarinyar ba ta yi kuka a gabansu ba. A mota Yaya bai ce Injiniya ba ko sau ɗaya.

Lahadin farko ta kowane wata ce ranar ziyara. Daga garinsu motar safe awa huɗu ce zuwa birnin. Ziyarar wata-wata ba ta buƙatar a ajiye aiki ko a tashi daga gida. Dukkansu biyu sun yi wannan lissafin, babu wanda ya faɗa wa ɗaya. Gidan ya zama ɗaki uku da mutum biyu da tebur. Uwar ta koma ajin iyaye, tunda yanzu ba ta da yarinyar da za ta yi barci a kafaɗarta a hanya.

Mai kula da ɗakin ta yi gaskiya. A ziyara ta uku yarinyar ta fito da gudu tare da wata ƙawarta, ta yi kumatu, idonta ya washe. Ta rungume uwarta, ta taɓa gemun ubanta, ta fara ba su labari. Dogon labari ne, da dariya a tsakiya, da wani abu da ya faɗi, da wani da ya yi fushi. Hannayenta ba su tsaya ba, ƙawar tana ƙara mata inda ta manta. Uwar tana kama ɗaya cikin uku. Uban ya zuba ido.

Da ta numfasa, ya ɗaga ledar abincin da suka kawo, ya sa yatsa a leɓe: kina jin yunwa? Ƙawar ta dubi alamar, ta dubi yarinyar. Yarinyar ta ɗan sunkuyar da kai. Ta kama hannunsa ta sauke, ta gyara masa yatsun, ta nuna masa yadda ake yi, a hankali, sau biyu, kamar yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ya gwada. Ta girgiza kai, ta sake gyarawa. Da ƙarfe biyar fitilar da ke matsayin ƙararrawa ta yi ƙyalli sau uku, yaran suka koma ciki.

A bas ya tambayi matar labarin mene ne. Ta ce kamar dai na bokiti ne, da wata malama. Sauran ya wuce ta. Ta dubi taga, can ta ce Talata ƙarfe huɗu ake shiga ajin.

Saura wata goma sha bakwai a hayar gidan. Ginshiƙan suna nan, rodin ya ƙara tsatsa. Ranar Talata ya rufe teburin da zane, suka bar gida kafin ƙarfe biyu. Ana cike wani rami a bakin tsohuwar gada, layi biyun ya koma ɗaya. Huɗu da minti ashirin suka isa. Masu walda suna yanka ƙarfe, tagar saman benen a buɗe, an shanya ƙaramin yunifom a jikinta. Maigadi ya gane shi, ya buɗe musu ƙaramar ƙofa, bai rubuta komai ba.